A nan Amurka, kwana ɗaya a bayan kanta ba ya wucewa

Akwai wani yaro ɗan wajenmu a nan jihar Ohio, da rana ɗalibi, da dare yana kai wa mutane abinci gida-gida a motarsa. Yaro ne mai kunya, ko a masallaci ba ya haɗa ido da babba. Wata Juma'a da dare bai koma gida ba, wayarsa kuma a kashe. Kawunsa da ke riƙe da shi ya kira ni gab da Asuba, murya na rawa: "Malam, yaron nan bai kwana gida ba, na tambayi asibiti ba shi." Ni hatsari ne ya faɗo min a rai, don lokacin ƙanƙara ne. 'Yata da aka haifa a nan ta ji muna magana, ta ce, "Baba, kun duba shafin sherif?" Wato shafin intanet na jami'in da ke riƙe da gidan waƙafin gunduma. Ta karɓi wayar, ta rubuta sunansa. Kafin shayi ya tafasa sai ga fuskarsa.

Bari in faɗa muku abin da na gani, don wanda bai gani ba zai ɗauka ƙari nake yi. Hoto ne daga kafaɗa zuwa sama, an tsayar da shi jikin bango mai ruwan toka, hasken fitila ya dallare masa fuska, ido jajur don rashin barci. A gefe ga cikakken sunansa, shekarunsa, tsawonsa, nauyinsa, launin fatarsa, har launin idonsa. Ga ranar da aka kawo shi da ƙarfe nawa, ga rundunar da ta kamo shi, ga lambar da aka ba shi, ga tuhumar da sashen dokar, ga kuɗin beli, ga ranar da zai ga alƙali. Sama da shi wani ne da ake zargi da dukan matarsa, ƙasa da shi wata ce da aka kama da ƙwaya. Babu wanda ya tambaye mu ko mu su wane ne, babu kuɗin shiga, babu rajista. Yadda na gani daga ɗakin girkina, haka mai shayi a Sabon Gari zai gani in yana da data.

Laifin kuwa? Tsohuwar tarar hanya. Sun canja gida, takardar kotu ta je tsohon adireshi, ranar zama bai je ba, alƙali ya sa hannu a waranti. Daren nan ɗan sanda ya tsayar da shi kan fitilar baya da ta mutu, ya buga lasisinsa a kwamfutar mota, waranti ya fito. Shi ke nan, ankwa. Washegari da yamma ya fito, daga baya ya biya tarar aka rufe magana. A kotu ke nan.

Yadda tsarin yake, Amurka na da gundumomi sama da 3,000, Ohio kaɗai tana da 88, kuma kusan kowacce na da sherif wanda jama'a ke zaɓa da ƙuri'a kamar ciyaman. Shi ke riƙe da gidan waƙafin gunduma, inda ake ajiye wanda aka kama yanzu da mai jiran shari'a da wanda hukuncinsa bai wuce shekara ba. Babban kurkuku na jiha ne ko na tarayya, wannan daban. Wajen kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen waƙafin nan ba a same su da laifi ba tukuna. Ku riƙe wannan. Da an shigo da mutum za a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, a ƙirga abin da ke aljihunsa, a rubuta komai, kuma wannan rubutun a idon doka kayan jama'a ne. Dokar 'yancin samun bayanai ta tarayya ta 1966 ma'aikatun tarayya kawai ta shafa, amma kowace jiha na da tata. Ta Ohio cewa ta yi ba dole ne ka faɗi sunanka ba, ba dole ne ka faɗi abin da za ka yi da bayanin ba. In ba ka samu a shafin sherif ba, ka buga wa ofishin ajiyar takardunsu waya ko ka aika wasiƙa. In magana ta kai kotu, ga shafin magatakarda, kowane zama da kowane hukunci a jere. Har wani tsari suke da shi mai suna VINE, ka sa lambar wayarka, ranar da aka saki mutumin a kira ka. A Kentucky aka fara shi a 1994, bayan wani da aka ba beli ya je ya kashe matar da ta kai ƙararsa, ita ba ta ma san ya fito ba.

Kuma ba sa duba fuska. Ranar 24 ga Agusta 2023 Donald Trump ya shiga gidan waƙafin gundumar Fulton a Atlanta, aka ɗauke shi hoto, aka ba shi lamba P01135809, duniya ta gani a daren. A lokacin tsohon shugaban ƙasa ne. Wannan kam dole a sara musu.

Na san hujjarsu, kuma hujja ce mai nauyi: gwamnatin da aka tilasta wa rubuta sunan wanda ta kama a bainar jama'a ba za ta iya ɓatar da shi ba. Kotun Ƙolinsu ta yanke a 1991 cewa wanda aka kama ba da waranti ba, cikin awa 48 sai alƙali ya duba dalilin kamun. Kada wani ya zo ya koya min yadda ake yawon caji ofis a gida, daga wannan a ce babu shi, a wancan a ce a dawo gobe oga ba ya nan. Na san da Dadiyata, da aka ɗauke daga ƙofar gidansa a Kaduna a watan Agustan 2019, iyalinsa ba su da littafi ko ɗaya da za su buɗe su ga ko yana hannun hukuma ko ba ya. Na san dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta ce a rubuta bayanan duk wanda aka kama, a sanar da danginsa, majistare ya riƙa zagaya caji ofis duk wata, kuma Jonathan ya sa hannu a tamu dokar samun bayanai tun 2011. A takarda ba abin da muka rasa. Duk na yarda. A daren nan shafin ya yi mana rana, na gode Allah.

Amma ku ji abin da ya biyo baya. Yaro bai fito ba tukuna, hoton ya riga ya faɗa zauren WhatsApp na 'yan wajenmu. Wani ne ya ɗauko, wai don a taya da addu'a. Kafin Lahadi hoton ya isa gida, an haɗa shi da saƙon murya cewa ƙwaya aka kama shi da ita. Mahaifiyarsa a gidan suna wata ta miƙo mata waya. Ku da kuke gida kun san ma'anar wannan, ba sai na yi bayani ba.

Shi sherif in an saki mutum yakan sauke sunansa bayan wani lokaci. Matsalar ita ce kafin nan wasu sun kwashe. Akwai kamfanoni da sana'arsu ke nan, manhajarsu na zagaya shafukan gundumomi tana tattara hotuna tana liƙawa a nasu shafin, ga talla a gefe. An yi lokacin da har jaridar hotunan waɗanda aka kama a makon ake sayarwa a gidan mai, kusa da cingam. Wasu in ka ce su cire sai su yanka maka ɗaruruwan daloli, ka biya wannan, gobe hoton ya ɓullo a wancan. A 2018 jihar Kalifoniya ta gurfanar da mutum huɗu masu shafin Mugshots.com, ta ce sun tatsi sama da dala miliyan 2 a kuɗin cire hoto. Google ma tun 2013 ya danne irin waɗannan shafuka ƙasa a sakamakon bincike. Jihar New York ta taƙaita sakin hotunan a 2019, Kalifoniya a 2021 ta hana 'yan sanda sa hoton wanda ake zargi da laifin da ba na tashin hankali ba a shafukan sada zumunta. Wato su da kansu sun san an yi ɓarna. Sai dai gyaran na jiha-jiha ne, kuma abin da ya riga ya shiga wayoyin mutane ba kotun da za ta fito da shi. Kana iya roƙon alƙali ya rufe fayil ɗinka, ya kuma rufe, amma mai gidan haya da mai ɗaukar aiki sukan sayi bayani daga kamfanonin bincike, ba duka ke sabunta nasu ba. Mu baƙi namu ya fi, don zanen yatsun na tafiya FBI daga nan ya wuce hukumar shige da fice, kuma takardar neman zama ɗan ƙasa tambaya take ko an taɓa kama ka, ba ko an same ka da laifi kawai ba.

To a gida fa? Yaro ya kwana a bayan kanta kan maganar mota. Da safe babba ya sa riga ya tafi, in abin ya ɗan yi tsauri a biya a ɗauki mai unguwa. A gaisa da DPO, a ce a yi haƙuri yaro ne. E, ga takarda a bango an rubuta beli kyauta ne, kuma kowa ya san ba kyauta ba ne. A fito da shi, a yi masa faɗa a zaure, wani lokaci har da mari, magana ta mutu a nan. Bayan shekara goma yana da mata da 'ya'ya, ba wanda zai tono. Za ku ce ai 'yan sandanmu ma suna holin mutane a Bompai gaban kyamara. Gaskiya ne, ban goyi baya ba, lauyoyi sun daɗe suna suka, Legas ma ta haramta a 2021. Amma wa ya taɓa ganin an yi holin mutum kan tarar hanya? Kuma masu cewa a gida kuɗi ne ke fitar da mutum su zo su ga layin shagunan 'yan beli da ke kewaye da gidajen waƙafin nan, fitilunsu ja da kore suna ƙyalli dare da rana. Ka ba su kashi 10 cikin 100 na belin, su tsaya maka, kuɗinka ba ya dawowa ko an wanke ka tas. Bambancin dai su suna ba da rasit.

Abin da ya fi tsaya min a rai ma ba hoton ba ne. Kawun nan, dattijo mai furfura, ya sa babbar riga da hula ya tafi can da safe, don haka ya san ana yi. Ɗaki ne mai sanyi, kujerun roba a kafe a ƙasa, wata mata a bayan gilashi mai kauri tana magana ta ramin ƙarfe. Ya yi gaisuwa, ya ce yana son ganin babban wajen. Ta ce ba a ganin kowa, ta tambaye shi lambar yaron, ta nuna masa na'ura a lungu inda ake zuba kuɗi. Ba ta wulaƙanta shi ba, ko kaɗan, aikinta take. Kawai dai babu inda zai ajiye girmansa. Furfurarsa, shekarun da ya yi bai taɓa cin haƙƙin kowa ba, shedar da duk masallaci zai yi wa yaron, ba gurbinsu a fom. A mota da muke komowa bai ce uffan ba sai da muka kusa gida, ya ce, "Malam, a nan ba mu da kowa." Su wannan suke kira adalci, kowa daidai. Ni na tashi inda idon mutane ke da daraja, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya suturta Musulmi Allah zai suturta shi duniya da lahira. Ban ga yadda za a haɗa wannan da shafin da ke sabunta kansa kowane 'yan awoyi ba.

Mu kanmu mazauna nan mun ɗauki ɗabi'ar, har mun fi masu ita. Bature ya ga hoton maƙwabcinsa ya ɗaga kafaɗa ya wuce. Mu sai an tura wa Kano da Zinder da Kumasi. Yanzu ma abin ya shiga maganar aure. Da, in za a yi bincike, dattawa ake turawa unguwar su yaro, a tambayi liman, a tambayi mai kanti, a tambayi abokan cin tuwonsa. Wanda aka tambaya yana auna magana. Ya san abin da yake halin mutum, ya san abin da yake tuntuɓe na ƙuruciya, in da matsala ta gaske sai ya ce "ku dai ƙara dubawa", mai hankali ya gane. Kwamfuta ba ta san tuntuɓe ba, layi ɗaya take ba ka da hoto.

Kwanaki wata Yayata ta kira daga gida. Wani da ke zaune a wata jihar nan yana neman 'yarta, an faɗa mata wai a Amurka suna kawai ake bugawa komai ya fito. Na san tsoronta, ba na wasa ba ne. Akwai mazanmu a nan da ke da mata da 'ya'ya su je gida su ce tuzurai ne, akwai wanda kotu ta hana kusantar tsohuwar matarsa don duka, kuma irin wannan ya kamata a sani kafin a shafa Fatiha. Na ce mata, "Yaya, ki ba ni mako biyu. Zan nemi limamin masallacinsu da mutanen garinsu da ke can, in da wani abu za su faɗa min." Ta ce, "Kai dai ka cika tsohon yayi, mako biyu ana da intanet?" Ba ta jira ni ba. Ɗan wata ƙawarta da ke karatu a Texas ta sa, a daren ya turo mata sakamakon mutum uku masu suna iri ɗaya, ɗaya a cikinsu da hoton gidan waƙafi, ta sake kirana tana tambaya wanne ne a ciki.