Gwamnatin da ke iya cewa ta rubuta kuskure

A ƙarshen kakar da ta wuce, maƙwabciyata, wata Baturiya da ta haura shekara sittin, ta gayyace ni da iyalina zuwa wani ɗan taro da aka shirya wa mahaifinta a zauren ƙungiyar 'yan mazan jiya ta garin da muke zaune a nan Amurka. Zauren gini ne na jan bulo a bayan wani gidan mai, an jera kujerun ƙarfe masu naɗewa, an shimfiɗa farar leda a kan dogayen tebura, ga tulun kofi mai famfo a kusurwa. Bangon cike yake da hotunan samari cikin kayan soja, wasu sun koɗe har fuskokin sun kusa ɓacewa, sannan a gefe guda akwai wani ƙaramin tebur da ba a zama a kansa, an ɗora masa faranti ɗaya da kofin gilashi a kife da jan fure da kyandir, aka ce mini na waɗanda aka kama a yaƙi ne ko suka ɓace ba su dawo ba. Aka turo dattijon a keken marasa lafiya, ya haura casa'in, wani matashin hafsa ya karanta takarda da ƙarfi, sannan ya durƙusa ya maƙala masa lambar Purple Heart a ƙirji saboda raunin da aka ji masa tun 1950.

Lambar ƙarama ce mai siffar zuciya, launinta shunayya da bakin ruwan zinariya, ga hoton George Washington a tsakiya, domin shi ya ƙirƙiro makamanciyarta a 1782 kafin a farfaɗo da ita a 1932. Ana ba da ita ga sojan da abokan gaba suka raunata ko suka kashe. Ba ta zuwa da albashi ko fansho, kuma ɗan fifikon da take jawowa a asibitocin tsofaffin sojoji dattijon ya riga ya samu tun da shi tsohon fursunan yaƙi ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne takardar da hafsan ya karanta, domin a cikinta rundunar sojan ƙasa mafi ƙarfi a duniya ta amsa cewa takardar sallamar da ta ba wani kurtu a 1953 ba ta faɗi gaskiya ba, kuma ta ba da umarnin a gyara ta.

Kamar yadda 'yarsa ta ba ni labari, an kama shi ne a ƙarshen Nuwamba 1950, bayan da sojojin Sin suka shigo yaƙin Koriya suka yi wa Amurkawa ƙawanya a arewacin ƙasar. Aka kora su a ƙafa cikin dare da ƙanƙara zuwa sansanonin da ke gaɓar kogin Yalu, a hanya kuwa wani mai tsaro ya buge shi da gindin bindiga ya karya masa haƙarƙari saboda ya tsaya ɗaga wani da ya faɗi. Amurkawa sama da 7,000 aka kama a wannan yaƙi, kusan 2,700 daga cikinsu suka mutu a tsare, yawancinsu a hunturun farko, saboda yunwa da sanyi da atini. Shi ya rayu har aka tsagaita wuta a ranar 27 ga Yuli 1953 aka yi musayar fursunoni. Da aka zo sallamarsa, akawun da ya buga takardar DD-214, wadda ita ce takardar sallamar sojan Amurka, ya rubuta "babu" a gurbin raunukan da abokan gaba suka jawo, shi kuma bai yi musu ba. Ya ƙagu ya ga gida, sannan lokaci ne da jama'a ke yi wa waɗanda suka dawo daga sansanonin Sin kallon mutanen da aka juya wa tunani, musamman da yake sojoji 21 sun ƙi dawowa, don haka mai hankali yakan ja bakinsa ya yi shiru. Ko da ya yi magana ma, ƙa'idar wancan zamani ba ta lissafa dukan da aka yi wa mutum a tsare. An sauya wannan daga 25 ga Afrilu 1962, amma ga na gaba kawai, sai a 1996 majalisar dokoki ta mayar da ƙa'idar baya ta haɗa da fursunonin da aka raunata kafin wannan rana, sannan a 2008 aka haɗa da waɗanda suka mutu a tsare.

Tun 1946 kowane reshen sojan Amurka yake da hukumar gyaran bayanan aiki, wadda ma'aikata farar hula ke zama a cikinta, domin kafin nan sai majalisa ta yi doka ta musamman a kan mutum ɗaya kafin a gyara masa takarda. Tsohon soja ko magajinsa yana cike fom mai lamba DD-149, ya faɗi kuskuren ya haɗa da hujjojinsa. Doka ta ba da shekara 3 daga ranar da aka gano kuskuren, amma ta bar wa hukumar damar ta kau da kai daga wannan wa'adi idan adalci ya buƙaci haka. Nauyin kawo hujja yana kan mai nema, kuma a nan ne wahalar take, domin a ranar 12 ga Yuli 1973 gobara ta tashi a babbar ma'ajiyar fayil ɗin sojoji da ke St. Louis a jihar Missouri, ta cinye fayil tsakanin miliyan 16 zuwa 18, har da kusan kashi 80 cikin 100 na sojojin ƙasa da aka sallama tsakanin 1912 da 1960. Na wannan dattijo yana cikinsu. Karon farko da 'yarsa ta nemi a gyara masa takardar an ƙi buƙatarsu, saboda takardar binciken likita da aka yi masa bayan an sako shi rama da ciwon ciki kawai ta ambata, su kuwa yunwa da cuta ba sa jawo wannan lamba. Maƙwabciyar tawa ba ta haƙura ba. Ta samo hoton ƙirjin da ke nuna tsohon karaya da ta ɗore a karkace, ta nemi taimakon ofishin ɗan majalisar mazaɓarsu, sannan ta hanyar ƙungiyar tsofaffin fursunoni ta gano wani tsoho a wata jiha mai nisa da aka kora su tare, ya rubuta abin da ya gani da idonsa ya yi rantsuwa a kai. Da wannan aka sake duba maganar, aka fitar da takardar gyara mai lamba DD-215.

Wannan ne ya sa nake ganin sun yi mana nisa a wannan fanni. Fayil ɗinsu ma yana ƙonewa, akawunsu ma yana rubuta shirme, amma sun ɗauka tun farko cewa hukuma tana kuskure, suka gina ofishin da ba shi da wani aiki sai sauraron wanda aka yi wa kuskuren, suka kuma yarda cewa idan takarda ta halaka, maganar tsohon da ya ga abin da idonsa tana iya tsayawa a madadinta. An ƙi su a rubuce tare da dalili, kuma wannan dalili shi ya nuna wa matar abin da za ta nemo.

Na san za a ce mini Amurka ba aljanna ba ce, kuma gaskiya ne. Ƙidayar da gwamnatinsu ta yi a 2024 ta nuna tsofaffin sojoji fiye da dubu 30 ba su da wurin kwana, kuma nakan ga wasunsu a mahaɗar titi riƙe da kwali. Baƙaƙen fatan da suka yi Yaƙin Duniya na Biyu babu ko ɗaya da ya samu lambar jarumta mafi girma ta ƙasar sai a Janairu 1997, lokacin da Shugaba Bill Clinton ya ba mutum 7, kuma Vernon Baker kaɗai ne yake raye ya karɓa da hannunsa. Wannan zalunci ne da ya ɗauki rabin ƙarni. Sai dai ko a nan, su ne suka sa aka koma cikin tsofaffin fayil aka bincika aka fito aka faɗa.

A gida Najeriya kowa ya san yadda 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, take wucewa, a ɗora furanni a Abuja, a saki tattabaru, a maƙala tambarin tunawa a babbar riga, washegari kuma 'yan mazan jiya su koma gadin ƙofa cikin kakinsu ko su koma layin tantancewa, wani lokaci har su tare ƙofar ma'aikatar kuɗi suna neman haƙƙinsu. Ƙanin mahaifiyata ya yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, an riƙe shi a wancan ɓangaren na wasu watanni, ya dawo da hannun hagu da ba ya miƙewa. A takardarsa ba a rubuta an taɓa kama shi ba, kuma an rage masa shekarun aiki. Ya yi ta zirga-zirga daga wannan ofishi zuwa wancan, kowa ya ce masa ba a ga fayil ba, ya dawo wata mai zuwa, kuma babu wanda ya taɓa ba shi ko da layi ɗaya a rubuce da zai riƙe ya ɗaukaka ƙara. A lokacin akwai mutum biyu a garinmu da aka tsare su tare, kowa ya san su, ba a taɓa kiran ko ɗaya ya ba da shaida ba. Da na kira shi na ba shi labarin abin da na gani a nan, na ce, "Kawu, da a sake gwadawa," sai ya yi dariya ya ce mini, ɗana, shaidun nawa ai duk sun riga mu gidan gaskiya, ka bar wa Allah.

Na kakanninmu 'yan Boma, waɗanda suka yi wa Ingila Yaƙin Duniya na Biyu a ƙasar Boma, ya fi wannan wuya. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi da Japanawa a kwarin Kaladan da Arakan, har suka karɓe Myohaung a Janairu 1945, kuma Hausa ce harshen bariki a rundunar Najeriya. Amma Turawa sukan rubuta kurtu da sunan yanka da sunan garinsu ko ƙabilarsa, ta yadda bataliya ɗaya za ta tara masu suna iri ɗaya da yawa, sai lambar aiki ce kawai ke bambanta su. Idan littafin sallama ya jiƙe a adaka ko gara ta cinye shi, lambar ta tafi, jika kuma ba shi da zaren da zai kama. Muna tuna irin su Samanja Chari Maigumeri, wanda ya fara soja a hannun Jamusawa a Kamaru, aka kama shi a Garwa a 1915, daga baya ya shiga rundunar Ingila ya yi yaƙin Habasha da na Boma, har aka sa wa barikin Lokoja sunansa. Shi ya yi fice ne aka rubuta shi, dubban da suka bi bayansa ɗauke da kaya a ka cikin dajin Boma kuwa sai abin da ya rage a bakin tsofaffi.

Wani abokin aikina a nan, da na yi masa wannan bayani, ya ce ai matsalar Afirka ke nan, ba mu da al'adar ajiye tarihi. Maganar ta ɓata mini rai, kuma ban yarda da ita ba. Mu ne mutanen da malami zai jero maka wanda ya karantar da shi da wanda ya karantar da wancan har ƙarnoni baya, marokin fada ya jero sarakuna ba tare da ya tsallake ko ɗaya ba, alƙali ya raba gadon gona da shaidar dattawa biyu da suka san iyaka. Kawuna bai taɓa rasa wanda zai gaishe shi da safe ko ya kai masa tuwo ba, ba a kai shi gidan ajiye tsofaffi ba, yaran unguwa kuma sun san labarin hannunsa dalla-dalla, alhali maƙwabciyata ta ce sai da ta girma ta haifi 'ya'ya kafin ta san an taɓa kama mahaifinta. Shaida muna da ita fiye da su. Ofisoshin da muka gada daga Turawa ne suka koyi raina ta, suka ɗauki fayil suka bar hanyar gyara shi, kuma bayan shekara sittin da wani abu da samun mulkin kai ba za mu ci gaba da ɗora wa Bature laifin wannan ba. Ga ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna da Ibadan da Inugu, ga Gidan Arewa, ga sauran sojojin basasa da na ECOMOG, rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen Afirka ta Yamma, da suka je Laberiya da Saliyo daga 1990 suna raye, ga na Arewa maso Gabas da ake raunatawa yanzu. Abin da zai hana a samar da tsayayyen zama inda soja ko marayansa zai kawo shaidunsa a rubuta, a ba shi amsa a rubuce cikin wa'adi, rashin niyya ne kawai.

'Yan'uwanmu na Nijar sun san ɗacin wannan ta hannun Faransa, wadda ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojinta na Afirka tun 1959, ba ta fara daidaita shi da na Faransawa ba sai a 2007. A ranar 1 ga Disamba 1944, a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, sojojin Faransa suka buɗe wuta kan sojojin Afirka ta Yamma da suka dawo daga hannun Jamusawa, tsofaffin fursunonin yaƙi ne da ke neman bashin albashinsu, aka rubuta su a matsayin masu tawaye, aka ce mutum 35 ne suka mutu, adadin da masana tarihi suka daɗe suna cewa ya yi kaɗan ƙwarai. Sai a 2024, bayan shekara 80, Faransa ta rubuta 6 daga cikinsu a jerin waɗanda suka mutu dominta, Shugaba Macron kuma ya kira abin kisan kiyashi. Cikin waɗanda suka matsa har aka kai ga haka akwai wani dattijo ɗan Senegal da ya tsufa yana rubuta wasiƙu da shigar da ƙara a kan sunan mahaifinsa, kuma abin da ya ba shi damar yin hakan shi ne a can akwai kotun da dole ta karɓi takardarsa ta ba shi amsa.