Asusun kirifto da ba shi da ofishin kai kuka

Duk wanda ya saba aika kuɗi ta NITA ko Airtel Money a Damagaram ya san cewa idan aka samu tangarɗa, akwai ofishin da zai je da katin ɗan ƙasa a duba masa lamarin. Da wannan sabo matasanmu suke shiga harkar kirifto, wato kuɗin intanet, alhali asusun da mutum yake riƙe makullinsa da kansa, irin na manhajar Trust Wallet ko MetaMask, ba shi da ma'aikacin da zai iya dawo da abin da ya salwanta. A ganina wannan ne bayanin da ya wajaba manhaja ta fara yi wa sabon shiga, da Hausa kuma da murya, kafin ta nuna masa komai.

Makullin asusun wasu kalmomi ne guda 12 ko 24, waɗanda ake zaɓowa daga jerin kalmomi 2048 bisa wani tsari mai suna BIP39 da aka gabatar a 2013. Akwai jerin da Turanci da Faransanci da wasu harsuna kaɗan, babu na Hausa. Wanda ya ga kalmomin nan ya mallaki kuɗin ko da yana wata ƙasa, wanda kuma ya ɓatar da su tare da salularsa ya yi sallama da dukiyarsa. To, a nan garin mutane da yawa ba su suke buɗe asusun da hannunsu ba. Suna miƙa wayar ga mai gyaran salula a Kasuwar Dole ko ga wani ƙani mai boko, shi ya karanta kalmomin, sannan a ɗauke su hoto a ajiye a WhatsApp, domin kowa yana sauri.

Saboda haka manhajar da ta damu da irinmu ta hana ɗaukar hoton shafin kalmomin, hanin da Android ya ba manhaja damar yi, ta kuma gargaɗi mai asusun da murya cewa ya karɓi wayarsa ya keɓe kafin su bayyana. Ta nuna su ɗaya bayan ɗaya da manyan haruffa, domin wanda ya fi sabawa da ajami zai iya kuskure harafi, sannan ta sa shi ya sake shigar da su duka daga takardarsa kafin ta buɗe masa adireshin karɓar kuɗi.

Masu ƙera manhajoji suna tsoron cewa dogon mataki yana korar mutane. Gaskiya ne wasu za su gaji su fita, amma wanda ya fita bai rasa ko dala ba, saɓanin ɗan kasuwar da ya zuba jarin kayan da zai saro daga Kano cikin asusun da wani ya riga ya san makullinsa.

Haka batun aikawa. USDT, kuɗin kirifto da darajarsa take bin dalar Amurka, yana tafiya a kan hanyoyi dabam dabam, irin su Tron da Ethereum da BNB Chain. Adireshin Tron yana farawa da T, na Ethereum da 0x, amma na BNB Chain ma da 0x yake farawa, kuma nan ne ake yawan ruɗewa. Manhajar ta tambayi hanyar a fili, ta kuma sa aikawar farko ta zama ta gwaji da ɗan abin da bai wuce jaka ɗaya ba, sai mai karɓa ya tabbatar ya gani kafin a tura sauran.