Dakta a fannin allurar Sin ba likitan asibiti ba ne

Mutane da yawa idan suka ji wani ya yi digirin dakta a akufancha, wato maganin Sinawa na soka siraran allurai a jiki, sai su ɗauka ai ya zama likita irin na asibiti da zai yi tiyata. A'a fa, hanyar daban ce.

A Amurka yawanci sai ka fara yin mastas na shekara 3 zuwa 4 tukuna, ka koyi wuraren soka allura guda 361 da ke jikin mutum, da haɗa magungunan itatuwa, da duba harshe da bugun jini a wuyan hannu, har da kafa ƙaho irin wanda wanzamanmu ke yi, sannan in kana so ka ɗora digirin DAOM, wato digirin dakta a akufancha da maganin gargajiyar Sinawa, wanda aƙalla awa 1,200 ne kuma yawancinsa aiki ne da marasa lafiya a kilinik. Kuma takardar makaranta kaɗai ba ta isa ba wallahi, lasisi jiha ce ke bayarwa bayan jarrabawa, Kalifoniya ma tata jarrabawar daban take yi.

Su alluran nan babu ruwan magani a cikinsu sam, sirantarsu kusan ta gashin kai.