Kwana goman nan fa ba wasa ba ne

Shawarar da wani labari da na karanta ya bayar, cewa matafiyi ya ga likita mako 4 zuwa 6 kafin tafiya, gaskiya ce, ni shaida ne. Na taɓa zuwa a yi mini allurar rigakafin cutar shawara (yellow fever) saura kwana uku jirgi ya tashi. Ma'aikaciyar ta buga hatimi a katin shaidar allurar, ta ɗora yatsa kan ranar ta ce: "Malam, sai bayan kwana 10 zai fara aiki." Jikina ya yi sanyi. Dole na ɗaga tafiyar.

Abin da labarin bai faɗa ba shi ne, tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da katin shawara na har abada, ba na shekara 10 ba kamar da. Don haka a adana tsohon kati tare da fasfo. Masu niyyar Hajji ko Umara kuma, Saudiyya na neman shaidar rigakafin sanƙarau, ita ma kwana 10 kafin isa.

Wanda ya fi damuna mai sayen katin bogi ba tare da allura ba. Jami'in da ke duba kati zai iya ruɗuwa, sauron da ke yaɗa cutar kuwa ba ya duba kati, kuma shawara ba ta da takamaiman magani.

Masu ciwon suga da hawan jini, don Allah ku riƙe magungunanku a jakar hannu, cikin kwalinsu na asali, da takardar likita. Sanyin ma'ajiyar kayan jirgi na iya lalata insulin.