Sarewar Birazil a ƙasa ake jin ta, ba kan dandamali ba

A arewa maso gabashin Birazil, musamman cikin jihohin Pernambuco da Alagoas da Paraíba da Ceará, akwai ƙungiyoyin mabusa da ake kira banda de pífanos. Mutanen kowace ƙungiya ba su da yawa: mutum biyu na busa sarewar gora, ɗaya na kaɗa babbar ganga mai suna zabumba, ɗaya ƙaramar ganga mai amon ƙarau, ɗaya kuma na tafa fayafayan ƙarfe. Wani lokaci a ƙara ganga guda. Mu da muke zaune a wannan yanki mun san su a kasuwar Caruaru, wani gari a jihar Pernambuco, da bukukuwan São João na watan Yuni, da jerin gwanon coci. Ra'ayina shi ne, abin da ya raya wannan kiɗa har yau, mai busawar shi ne mai ƙerawar, kuma a tsakiyar jama'a yake tsayawa. A nan ne muka yi sake a gida, ƙasar Hausa.

Sarewar da kanta, wadda suke cewa pife, a gicciye ake riƙe ta, ba kamar ta Fulaninmu da ake busawa ta baki a ɗan karkace ba. Huda bakwai gare ta, ɗaya ta busa, shida na yatsu. Wata siririyar gora da suke kira taboca ake yankowa idan ta ƙosa, a shanya a inuwa wata da watanni, domin wadda ta bushe a rana tsagewa take yi. Tsawon babbar kan kai wajen santimita 50, ƙananan su sauko kusa da 40. Ana toshe kan da kakin zuma ko murfin kwalba na itace, kuma wurin da toshiyar ta zauna shi ne sirrin aikin: tazararta da hudar busa ta yi kusan daidai da faɗin cikin gorar. In ta yi nisa, muryoyin sama sai su sauko su ƙi haɗuwa da na ƙasa, mabushi ya yi ta hura iska a banza. Hudojin kuma da jan ƙarfe ake ƙona su, don abin huda na inji yana bin jijiyar gora ya farka ta. A fara da ƙarama, a busa, a ji, a ƙara buɗawa kaɗan. Buɗawa ɗaga murya take yi, in ka zarce babu komawa sai dai cike da kaki.

Biyu-biyu ake yin su, kuma an fi so daga gora guda. Dalili kuwa, mabusan tare suke tafiya, ɗaya na jan waƙar, ɗaya na bin sa daga ƙasa da taki biyu. Tsofaffin maƙera da faɗin yatsa suke auna tazarar huda, don haka wasu muryoyin kan faɗa tsakanin maɓallan fiyano biyu. Wanda kunnensa ya saba da fiyano zai ce an yi kuskure. Ba kuskure ba ne, ɗanɗanon ke nan, kuma kunnen da ya tashi da goge da algaita ba zai ji baƙon abu ba. Yanzu wasu na yin su da bututun roba, suna daidaita su da na'urar waya. Ba ya tsagewa, ga arha, na yarda. Amma da an haɗa pife na roba da na gora a ƙungiya guda sai ka ji suna faɗa da juna.

Zabumba tana rataye a kafaɗa a ɗan gicciye, fata sama da ƙasa. Hannun dama na dukan fatar sama da makaɗi mai dunƙulallen kai, hagu na tsinken fatar ƙasa da siririyar tsumagiya da ake kira bacalhau. A kiɗan baião, makaɗin na yanka lokaci uku, uku, biyu, tsumagiyar tana cike gurbin da ya bari. Watan Yuni damina ce a Caruaru, laima na sa fatar akuya ta saki, amon ya mutu, sai ka ga makaɗi ya ja igiya ko ya kara gangar kusa da wutar biki, yadda mai ganga a Katsina ke shanya tasa kafin wasa.

To a ɗora waɗannan mutane kan babban dandamali ka ji ɓarna. Makirfo a bakin hudar busa hucin numfashi yake kwasowa fiye da muryar. Zabumba kuwa, in makirfo ɗaya aka ba ta daga sama, tsumagiyar ta ɓace ke nan, a bar ka da dum-dum kamar kowace ganga. Sai an sa biyu, sama da ƙasa, na sarewa kuma a ja shi wajen taƙi ɗaya zuwa tsakiyar jikinta. Ko an yi duk wannan, mabusan sun daina tafiya, alhali kiɗan na tafiya ne, ƙofa zuwa ƙofa, suna juya kafaɗa su kare hudar daga iska.

Banda de Pífanos de Caruaru tun 1924 take hannun gidan Biano, Sebastião Biano kuma ya yi busa har ya haura shekara ɗari da haihuwa kafin rasuwarsa a 2022. Zabé da Loca, mace ce mai busa pife da ta zauna a Monteiro ta jihar Paraíba, duniya ba ta san ta ba sai da ta kusa tamanin. Gidan Aniceto, masu irin wannan ƙungiya a Crato ta jihar Ceará, manoma ne, su ke sassaƙa gangunansu. Hukumomin gari na ɗaukar irinsu a biki su biya, ana kuma koya wa yara ƙira tare da busa.

A gida fa? Gado muna da shi, har ya fi nasu tsari, tunda muna da Sarkin Makaɗa da Sarkin Busa. Sai dai ɗakin haɗa waƙa a Kano ya saka kalangu da sarewa cikin fiyano, mai biki ya gwammace ya kira DJ, shi kuwa mai algaita sai hawan Sallah. Yaron da zai iya yanko karan dawa ya huda shi daidai, a birni yanzu sai an tona. Ba sai an jira gwamnati ba: mai ɗaukar DJ da lasifika shida zai iya ware sa'a guda a kashe janareta, a ba masu ganga da sarewa tsakiyar fili.