Yaro da sikeli a gidana

Wai har yanzu akwai masu kare abin da yaron nan ya yi a gidana a nan Norway. Haba jama'a! Ɗan shekara 16, abokin ɗana, na zuba masa shinkafa da miya, sai ya zaro ɗan sikeli daga jaka ya ɗora farantin a kai. Ya rage cokali uku, ya ture man da ya taso saman miya gefe, ya shigar da lissafi a waya, sannan ya fara ci kamar mai shan magani. Kuma wai ni ce ban waye ba, yaro lafiya yake nema.

Tsoro ne. Duk sunan da za ku sa masa, tsoro ne. Su kansu 'yan Norway sun san ciwon, har suna suka raɗa masa, kroppspress, wato matsin da ake wa mutum a kan surar jikinsa. Budurwa ta zama siririya amma kuma da tsoka, saurayi kafaɗa kamar ƙofar zaure, ciki a ɗame layi-layi. Wanda bai kai ba sai ya riƙa sa riga mai faɗi.

"Ai an yi doka." Eh, tun 1 ga Yulin 2022 duk tallan da aka gyara jikin mutum a hotonsa sai an manna masa tambari. Madalla, magana ta ƙare, kowa ya tafa! To tambarin ya hana yaro tsayawa gaban madubin gidan motsa jiki yana ɗaga riga? Wanda yake kallo a TikTok yunwa ce ta sassaƙa shi, wani kuma allura, duk da tun 2013 amfani da magungunan ƙara tsoka laifi ne a ƙasar nan.

Masu cewa motsa jiki ai alheri ne, don Allah ku huta, wa ya musa? Iyayen yaran nan duk Lahadi suna cikin daji ko kan dusar ƙanƙara, da lemo da cakulan Kvikk Lunsj a jaka, ba wanda ya taɓa auna su.

Abin da ya fi tsaya min a rai Maren Lundby ce, 'yar wasan Norway. Ta ci zinare a tsallen ski (wasan zamiya kan dusar ƙanƙara) a Olympics na 2018, amma a Oktoban 2021 ta fito da hawaye ta ce ba za ta je Olympics na Beijing ba, don ba za ta azabtar da jikinta da rage nauyi ba. Zakara guda ke nan. Ina ga yaron da ko gemu bai fito masa ba? Wallahi tausayi ya ba ni, na so in ce masa ci abinka, ɗana, babu mai kallonka.

Af, sikelin ma ya manta shi a kicin ɗina. Na auna daddawar da aka aiko min daga Kano, aka ce kilo ɗaya ce, giram 800 na gani. Hajiya, kin san kanki.