Tambayar da ke kayar da ɗalibanmu a auna fahimta

Duk shekara idan jarrabawar JAMB ta matso, cibiyoyin lesin na Kano daga Kabuga har Kurna kan cika maƙil, kuma darasin Turanci kusan iri ɗaya ne: haddar kalmomi masu ma'ana ɗaya da masu kishiyar juna, sai nahawu. Idan aka zo kan auna fahimta, shawarar da aka fi ba ɗalibi ita ce ya karanta tambaya, ya koma cikin rubutun ya lalubo layin da kalmominsa suka yi kama da nata. Dabarar tana ci idan shekara ko sunan gari aka tambaya. Tana kayar da mai ita warwas idan aka ce: me ya sa marubuci ya kawo misalin kaza? Wace hanya ya bi ya kare ra'ayinsa? Mene ne aikin sakin layi na uku? Amsar waɗannan ba ta rubuce a kowane layi.

A ganina laifin na koyarwa ne, domin yaron Kano cikin jayayya ya tashi. Mai atamfa a Kantin Kwari yakan ce, "Gaskiyarki Hajiya, da tsada, amma wanke ta sau goma ki gani." Ya yarda da kukan mai saye, sannan ya rushe shi. Malamin zaure yakan ce, "In wani ya ce kaza, sai mu ce masa kaza," ya kawo nassi, ya yi ƙiyasi. Ɗan sakandare yana gane duk wannan da kunne ɗaya. Abin da ba a taɓa nuna masa ba shi ne waɗannan dabaru su ne dai ke cikin rubutun Turancin da ke gabansa, kuma su ake tambaya.

Ga gajeren rubutu na gwaji: "Masu kukan an hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a 2013 suna cewa matasa da yawa sun rasa abin yi, kuma ba ƙarya suka yi ba. Sai dai likitan da ya yanke yatsa don ya ceci hannu ba a kiransa mugu. Wane uba ne zai fifita saurin isa kasuwa a kan tsaron unguwarsu?"

Jimla uku, aiki uku. Ta farko muryar abokan hamayya ce, tare da amincewa da wani ɓangare nata. Ta biyu kwatance ne, kuma "sai dai" ɗin nan ita ce kwanar da marubuci ya juyo ya fara maganarsa. Ta uku tambaya ce da ba ta jiran amsa, zuciya take son taɓawa. To, idan aka tambayi matsayin marubuci, ɗalibin da aka horar da farautar kalmomi zai ga "matasa sun rasa abin yi" ɓaro-ɓaro a layin farko, ya gan shi cikin zaɓi, ya danna. Ya zaɓi ra'ayin da marubucin ya kawo don ya kayar. Masu tsara tambaya sun san da wannan rami, da gangan suke haƙa shi. A Turanci alamominsa sanannu ne: "admittedly", "although" da "some argue" suna buɗe ƙofar abokin hamayya, "however" da "yet" kuma suna rufe ta. Abin da ya biyo bayan rufewar shi ne na marubuci.

Gane dabara ba yarda da ita ba ne. Mai karatu yana iya ganin kwatancen likitan bai zauna ba, tunda matashi ba yatsa ba ne. Wannan zancen majalisa ne. A jarrabawa abin da marubuci ya yi ake tambaya, ko da ya yi shi da rauni.

Zaɓin irin wannan tambaya kusan kullum gida biyu ne: aikatau, wato kalmar aiki, da abin da aka yi wa aikin. "Ya ƙaryata kaza", "ya misalta kaza", "ya amince da kaza". Sai an auna kowane gida daban. Sau da yawa aikatau daidai ne amma abin da aka jingina masa ba shi ba ne, misali a ce marubuci ya yi kwatance don ya nuna tsadar magani, alhali likitan bai shigo don zancen asibiti ba. Wani zaɓin kuma ya zarce gona da iri: marubuci ya nuna alama, zaɓin ya ce ya tabbatar, ya ce "da yawa", zaɓin ya ce "duka". Akwai kuma wanda gaskiya ne a duniya amma babu shi a rubutun, shi ne ke kama ɗalibai masu yawan sani. Gatse ma yana cin mutane. Bahaushen da ya san "sannu da ƙoƙari" ba kullum yabo ba ne, da ya ga irinsa da Turanci sai ya ɗauke shi a zahiri.

Wasu malamai za su ce matsalar ƙarancin kalmomi ce, wanda bai san ma'anar "concede", wato amincewa da hujjar abokin hamayya, ba ina zai gane an yi ta? Da gaskiyarsu. Amma aikatau ɗin da ke yawo a irin waɗannan zaɓi 'yan kaɗan ne, ana iya koyar da su a mako biyu, kuma sanin ma'anarsu bai hana ɗalibi faɗawa ramin jimlar farko ba. (Mai karatu ya lura da abin da wannan sakin layi ya yi.)

Lokaci ma yana goyon bayan wannan hanya. A JAMB tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 daga ciki na Turanci, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Wanda zai koma farkon rubutu sau biyar yana lalube ya ci lokacin sauran darussa uku. Wanda ya yi karatu ɗaya yana lura da aikin kowane sakin layi ya san inda zai dira. A WAEC kuwa auna fahimta maki 20 ne, taƙaitawa 30, kuma taƙaitawa ba komai ba ce illa raba da'awa da misalan da aka yi mata ado da su. Ɗalibin da ke kwafo misali a matsayin babban batu, maki yake zubarwa a sassan biyu.

Abin da malami ke buƙata bai wuce alli da tsohuwar jarida ba. Ya ɗauko sharhin Hausa mai sakin layi biyar ko shida, ɗalibai su rubuta kalma ɗaya a gefen kowanne: da'awa, hujja, misali, kwatance, hamayya, raddi. A yi gardama a kan wanda aka saɓa, domin a nan karatun yake. Bayan mako guda a koma sharhin Turanci da alamomin nan dai. Sannan a ɗauko tambayoyin shekarun baya, a hana faɗin amsa har sai ɗalibi ya bayyana aibin sauran zaɓi ukun: wannan na abokin hamayya ne, wannan ya zarce, wannan babu shi a rubutun. Minti 20 a ƙarshen darasi, sau biyu a mako, ya isa a fara da shi tun daga aji huɗu na sakandare.